Duba Cutar Fata Daga Nesa: Hoto da Kundin Majiyyaci a Cikin Kwamfuta

Daga cikin sassan jikin ɗan Adam, fata ce likita yake iya gani baki ɗayanta ba tare da ya yanka ko ya haska da wata na'ura ba. Mai ciwon hanta sai an ɗebi jininsa, mai karaya sai an yi masa hoton ƙashi, amma mai ƙazwa ko makero yana ɗauke da shaidar cutarsa a sarari. Wannan ne ya sa masana suka yi tunani cewa, tun da ido ne babban makamin likitan fata, me zai hana a aika masa da hoton cutar, maimakon a ɗauko majiyyaci daga ƙauye a yi tafiyar yini guda da shi zuwa birni? Daga wannan tunani aka sami fannin duba cutar fata daga nesa.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A fagen likitanci kuwa, gani da ji tare suke tafiya. Hoto yana nuna yadda ƙurji yake a yau, amma ba ya faɗin ranar da ya fito, ko maganin da mai shi ya sha makon jiya. Irin waɗannan bayanai suna cikin kundin majiyyaci, kuma sai an haɗa su da hoton a wuri guda sannan shawarar likitan da ke nesa take zama abin dogaro.

Fata da aikinta

Fata ita ce gaɓa mafi girma a jiki. A jikin baligi faɗinta yakan kai murabba'in mita 1.5 zuwa 2, nauyinta kuma kusan kashi 15 cikin 100 na nauyin jiki. Tana da hawa uku. Hawa na sama shi ne garkuwa, yana hana ƙwayoyin cuta shiga, yana kuma hana ruwan jiki tsiyayewa. Ƙwayoyin halittarsa suna sabuntawa cikin kimanin mako 4. A nan ne ake yin sinadarin melanin mai ba fata launi da kare ta daga zafin hasken rana. Hawa na tsakiya yana ɗauke da hanyoyin jini, da jijiyoyin ji, da tushen gashi, da mafitar gumi. Hawa na ƙasa kuwa kitse ne mai riƙe ɗumi.

Da yake jinin da ke zaga hanta da ƙoda shi ne yake zaga fata, sau da yawa cutar da ke ciki takan fara bayyana a waje. Ciwon suga yakan sa gyambo ya ƙi warkewa, ciwon ƙoda yakan kawo ƙaiƙayi, cutar ƙanjamau kuma takan fara nuna kanta da ƙuraje iri-iri. Saboda haka mai duba fata ba ya rabuwa da tambayar abin da ke faruwa a sauran jiki.

Cututtuka da yawa, likitoci kaɗan

Cututtukan fata da masana suka sani sun haura 3,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci sama da mutum miliyan 200 suna fama da ƙazwa kaɗai, wadda wata 'yar mitsitsiyar halitta mai haƙa rami a fata take haddasawa. Kuturta kuma, duk da ana samun maganinta kyauta tun 1995, har yanzu ana gano sababbin masu ita kimanin 200,000 a duk shekara. A watan Mayu na 2025, babban taron hukumar karo na 78 ya amince da ƙudurin ɗaukar cututtukan fata a matsayin babbar matsalar lafiyar jama'a. Ƙasar Kwaddibuwa ce ta jagoranci ƙudurin, Nijeriya na cikin waɗanda suka mara mata baya.

A ƙasashe da dama na Afirka kudu da Sahara, ba a samun ƙwararren likitan fata ko ɗaya ga kowane mutum miliyan guda, kuma 'yan kaɗan ɗin da ake da su suna manyan asibitocin birane. Malamin asibitin ƙauye shi ne yake fara ganin mai makero da mai ƙyasbi da mai kuturta, alhali tabon ɗaya yakan yi kama da na ɗaya. Duba daga nesa hanya ce ta kai idon ƙwararre inda ƙafarsa ba ta zuwa.

Yadda abin ya faro

A ƙarshen shekarun 1960, likitocin Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka suka haɗa asibitinsu da ɗakin shan magani na filin jirgin sama na Logan ta hanyar talabijin mai hoto baƙi da fari. A 1972 suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi na gano cututtukan fata ta wannan hanya. Daga baya asibitin jami'a na Tromso a arewacin Nowe ya riƙa duba majiyyatan garuruwa masu nisa ta hoton bidiyo. A 1995 masana biyu, Douglas Perednia da Nancy Brown, suka yi rubutu a kan aikin da aka yi wa mutanen karkarar jihar Oregon, kuma tun daga lokacin fannin ya sami suna nasa na kansa. Zuwan wayar salula mai kyamara ya sauƙaƙa aikin ƙwarai, sannan annobar korona ta 2020, wadda ta hana mutane cunkoso a asibiti, ta sa ya bazu cikin hanzari.

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce ganawa kai tsaye, inda likita da majiyyaci suke ganin juna suna magana ta bidiyo. Tana buƙatar intanet mai ƙarfi, kuma dole kowa ya zauna a lokaci guda. Ta biyu ita ce a ɗauki hoto a ajiye, a haɗa shi da bayani a aika, likita ya duba idan ya sami sarari, ya maido da amsa. Wannan ta biyun ta fi arha, hotonta ya fi fita tar, kuma ta fi dacewa da wuraren da sadarwa take ɗaukewa tana dawowa. Sai dai a cikinta likita ba ya iya yi wa majiyyaci tambaya nan take. Abin da aka rubuto masa shi ne kaɗai abin da ya sani.

Abin da hoto ba ya faɗa

A ɗauka cewa an kawo wata yarinya 'yar shekara 14 ƙaramin asibiti da zazzaɓi, da jan ido, da ƙuraje a ƙirji da baya, leɓɓanta kuma sun fara kumbura. Malamin asibiti ya ɗauki hoto ya aika wa likita a birni. Idan hoton kaɗai likitan ya gani, yana iya zaton ƙyanda ce ko ƙarambau. Amma idan ya buɗe kundinta ya ga cewa kwana 12 da suka wuce an ɗora ta a kan kabamazefin saboda farfaɗiya, nan take hankalinsa zai tafi ga wata cuta mai haɗari da likitoci biyu, Albert Stevens da Frank Johnson, suka bayyana a 1922, wadda har yau ake kira da sunansu.

A wannan cuta, garkuwar jiki ce take yi wa magani bore, ta far wa hawan fata na sama har ya riƙa saluɓewa kamar ƙunar ruwan zafi. Galibi tana bayyana tsakanin kwana 4 zuwa mako 4 da fara shan maganin. Daga cikin magungunan da aka sani suna jawo ta akwai kabamazefin, da nebirafin na masu ƙanjamau, da alofurinol, da dangin sulfa irin su Septrin. Idan fatar da ta saluɓe ta haura kashi 30 cikin 100 na jiki, kusan mutum 3 cikin 10 sukan rasa ransu. Mataki na farko na ceton rai shi ne a dakatar da maganin ba tare da ɓata lokaci ba, a garzaya da majiyyaci babban asibiti. Layi guda na rubutu a cikin kundi shi ne ya raba "a ba ta maganin zazzaɓi ta koma gida" da "a tsayar da maganin, a kawo ta yanzu".

Haka abin yake wajen rubuta magani. Isotiretinoyin yana maganin ƙurajen fuska masu tsanani, amma yana nakasa ɗan tayi, don haka dole likita ya san ko mace tana da ciki. Dafson yana cikin magungunan kuturta, amma yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini a jikin masu ƙarancin wani sinadari da ake kira G6PD, abin da ake gada, wanda kuma ya yawaita tsakanin maza a Afirka. Mayukan sauya launin fata da yawa suna ɗauke da sinadarin siteroyid, wanda yake ɓatar da zoben da ake gane makero da shi, ya kuma sa cutar ta yaɗu a ɓoye. Babu ɗaya daga cikin waɗannan bayanai da kyamara take iya ɗauka.

Daga ɗakin kati zuwa kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti ya san ɗakin kati, inda ake jera fayil-fayil na takarda. Fayil yakan ɓace, rubutu yakan dushe, kuma fayil ɗin da ke wannan asibiti ba ya amfanar likitan wancan. Kundin lafiya na kwamfuta shi ne wannan fayil ɗin a cikin na'ura: suna da shekaru, cututtukan da aka taɓa yi, magungunan da ake sha, waɗanda jiki ba ya karɓa, da sakamakon gwaje-gwaje. A 1968 wani likita Ba'amurke, Lawrence Weed, ya nuna cewa ya kamata a tsara kundi bisa jerin matsalolin majiyyaci, ta yadda duk likitan da ya buɗe zai fahimci tunanin wanda ya gabace shi. A 1972 Cibiyar Regenstrief ta birnin Indianapolis ta fara ajiye irin wannan kundi a kwamfuta. A 2004 masana daga wannan cibiya da abokan aikinsu suka faro manhajar OpenMRS, wadda ake bayarwa kyauta, aka kuma fara aiki da ita a asibitocin masu ƙanjamau na yammacin Kenya kafin ta bazu zuwa ƙasashe da dama.

Idan an haɗa duba daga nesa da irin wannan kundi, aikin yakan gudana kamar haka. Malamin asibiti zai buɗe shafin majiyyaci, ya nemi izininsa, ya ɗauki hoto ta cikin manhajar kanta. Hoton zai manne da lambar majiyyacin da kwanan wata. Manhajar za ta jawo jerin magunguna da sakamakon gwaji da kanta, ta kuma tilasta a amsa wasu tambayoyi: yaushe abin ya fara, yana ƙaiƙayi ko zafi, akwai mai irinsa a gida, me aka shafa masa? Likitan fata zai buɗe duka a allo guda, ya rubuta abin da yake zato da abin da za a yi. Amsarsa za ta zauna cikin kundin, ta yadda mai ba da magani da likitan da zai ga majiyyacin bayan wata shida duk za su karanta. Idan an rubuta maganin da jikin majiyyaci ya taɓa ƙi, na'ura za ta yi gargaɗi.

Akwai wata fa'ida kuma. Hoton da aka ajiye ma'auni ne. Idan aka jera hoton gyambo na watan Janairu da na watan Maris, ana iya auna ko yana raguwa, ba sai an dogara da tunanin kowa ba.

Domin duk wannan ya yiwu, dole na'urorin asibitoci daban-daban su fahimci juna, kamar yadda fatake masu harsuna daban-daban suke cinikayya da harshe guda a kasuwa. Ƙungiyar HL7, wadda aka kafa a 1987, ita ce ta tsara ƙa'idojin musayar bayanan lafiya, ciki har da wadda ake kira FHIR. Ƙa'idar DICOM ta 1993 kuma ta tsara yadda hoton asibiti zai riƙa tafiya tare da bayanin mai shi.

Abin da aka gani a aikace

A ƙasar Holan, masu bincike sun bi diddigin shawarwari sama da 37,000 da likitocin unguwa suka nema daga likitocin fata ta hoto tsakanin 2007 da 2010. Amsa takan zo cikin ƙasa da awa 5 a matsakaici, kuma kimanin kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka yi niyyar turawa babban asibiti ba su buƙaci zuwa ba. Wannan ya ba masu cutar da ta fi tsanani damar ganin likita da wuri.

A Mali, Farfesa Ousmane Faye da abokan aikinsa na Bamako sun fara wani gwaji a 2015 a ƙananan asibitoci 10. Sun fara da horar da ma'aikata a kan cututtukan fata da aka fi gani da yadda ake ɗaukar hoto, sannan ma'aikatan suka riƙa aika abin da ya gagare su ta wata manhaja mai suna Bogou. An duba majiyyata 180 ta wannan hanya, amsa kuma takan zo cikin kimanin awa 32. Darasin Mali shi ne cewa horo yana gaba da na'ura, kuma duk amsar da ƙwararre ya aiko tana ƙara wa malamin ƙauye ilimi.

Inda hoto ya gaza

Likitan fata ba da ido kaɗai yake aiki ba, yana taɓawa ya ji tauri ko laushi, zafi ko sanyi. Kuturta misali ce mai kyau. Alamarta ta farko tabo ne mai haske wanda a hoto yake kama da ƙyasbi. Abin da ya bambanta su shi ne tabon kuturta ba ya jin taɓi. Ana gwadawa da ɗan tsinin auduga, majiyyaci ya rufe ido, a kuma lalubi jijiyoyin gwiwar hannu a ji ko sun yi kauri. Wanda ke tare da majiyyaci ne zai yi wannan, ya rubuta sakamakon a kundi.

Launin fata ma yana da tasiri. Kumburin da yake yin ja a farar fata yakan yi duhu ko ruwan shuni a baƙar fata, kuma rashin haske mai kyau yakan ɓoye shi gaba ɗaya. Sankarar fata da ake kira melanoma ba ta yawaita tsakanin baƙaƙe ba, amma idan ta zo takan fito a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, wuraren da ba a cika ɗauka a hoto ba. Irinta ce ta yi ajalin mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981. Zabiya kuwa, saboda ƙarancin melanin, suna cikin haɗarin sankarar fata tun suna matasa. Duk tabon da ake zargi, sai an yanki ɗan yanki an duba a madubin ƙara girma kafin a tabbatar.

Ana kuma koya wa kwamfuta gane cuta da kanta. A 2017 masanan Jami'ar Stanford sun horar da wata manhaja da hotuna 129,450, ta kuma yi kunnen doki da likitocin fata 21 wajen gane wasu nau'o'in sankara. Amma manhaja abin da aka nuna mata take sani. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya duba rumbunan hotunan sankarar fata da ake horar da irin waɗannan manhajoji da su. Daga cikin hotuna 2,436 da aka rubuta launin fatar masu su, 10 ne na masu fata wankan tarwaɗa, 1 tak na mai baƙar fata. Kundin da asibitocin Afirka za su tara, da izinin majiyyata, shi ne zai cike wannan giɓi.

Sirri amana ne

Hoton fata ya fi sauran bayanan asibiti saurin tona asiri, domin yana iya nuna fuska, ko tsagar gado, ko wani wuri na jiki da mutum yake suturtawa. Hoton da aka aika ta WhatsApp yakan zauna a wayar mutum tare da hotunan biki, yana iya faɗawa hannun wanda bai dace ba, kuma ba ya shiga kundin kowa. Cututtuka kamar kuturta suna tare da ƙyama, fitar hoto guda yana iya raba aure ko ya kori yaro daga makaranta. A Nijeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta riƙe sirrin majiyyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Kundin da aka tsara da kyau yana da kalmar sirri, yana kuma rubuta sunan duk wanda ya buɗe shi da lokacin da ya buɗe.

Abin da ɗalibi da malami za su riƙe

Hoto mai amfani yana da ƙa'ida. A ɗauka da hasken rana amma a inuwa, a bayan majiyyaci a sa zane marar ado. A ɗauki uku: ɗaya daga nesa don a ga sashen jiki, ɗaya matsakaici, ɗaya kusa, tare da ma'aunin santimita a gefen ƙurjin. Kada a shafa mai ko hoda kafin ɗauka. Malamin kimiyya na iya koyar da wannan a aji da ganyen da cuta ta kama, ɗalibai su riƙa auna tabon suna rubutawa kullum har mako biyu.

Haka kuma kowa yana iya fara kundinsa da ɗan littafi: sunan duk maganin da ya sha, da ranar da ya fara, da wanda jikinsa ya ƙi, har da na gargajiya da man shafawa. A makarantun kwana, inda ƙazwa da makero suke saurin yaɗuwa, irin wannan rubutu yana nuna ɗakin da cuta ta fara. Kuma duk wanda ya ga ƙuraje tare da zazzaɓi, da ciwon baki ko na ido, bayan ya fara sabon magani, kada ya tsaya jiran amsar hoto. Ya ɗauki kwalin maganin ya nufi asibiti a ranar.